Jarrabawar Tsinke

Litinin, bayan an tashi daga makaranta

An kira mu biyar a taron safe, aka ce mu tsaya bayan kowa ya shiga aji. Ni, da Doguwa wadda ta maimaita ajinmu har sau biyu, da wasu maza uku da ban damu da su ba. Hedimasta bai ce daƙiƙai ba. Cewa ya yi "yaranmu masu buƙatar kulawa ta musamman", yana jan kalmomin kamar mai tsotsar alewa. Duk makarantar ta gane abin da yake nufi. Har mai shara ta gane, don na ga ta jingina da tsintsiyarta tana kallonmu.

Wai za a yi mana jarrabawar lissafi daban da ta kowa. Malamar lissafi ce ta kawo shawarar. Malama Sannu muke ce mata, saboda ba ta buɗe baki ba ta ce "sannu, ba komai" ba. Ka ci sifili, sannu ba komai. Ina jin ko gidanku ne ya ƙone haka za ta ce.

Abin da na sani guda ne. Duk wanda ya faɗi lissafi a wannan zangon zai maimaita aji. Ƙanwata Aku kuma bana take gama firamare, baɗi ajin da nake ciki za ta shigo. In na maimaita, aji ɗaya zan zauna da yarinyar da ni na goya ta.

Talata, da la'asar

Malama Sannu ta tara mu a ɗakin ajiyar kaya, tsakanin karyayyun bencina da wata ƙwallo da ta sace. Ta zo da kwali cike da tsinken tsintsiya, ta yayyanke su daidai tsawon yatsa, wasu a ɗaure goma-goma da roba, wasu a sake. Mace da digirinta ta zauna a gida tana yanka tsintsiya. Ko mijinta bai ce mata komai ba?

Ta ce ɗauri ɗaya goma ne, tsinke ɗaya kuma ɗaya. Arba'in da uku, ɗauri huɗu da tsinke uku ke nan. Doguwa ta tambaya ko in mun gama za a haɗa mana tsintsiyar mu tafi da ita gida, tunda tasu ta ƙare. Mazan suka bushe da dariya. Malama ma ta yi. Komai dariya yake ba ta.

Ta ba mu ɗebewa. Na yi. In tsinken bai isa ba, ɗauri guda kake kwancewa. Tun ina aji biyu ake ce mini "ki aro ɗaya, ki aro ɗaya", ba wanda ya taɓa gaya mini a wurin wa zan aro. Ashe roba kawai ake cirewa.

Na wargaza nawa kafin ta zo kaina.

Laraba, da rana

Ba abin da yake damuna.

Alhamis, bayan an tashi

Yau Malama Sannu ta durƙusa kusa da ni, ta sassauta murya kamar mai gaida marar lafiya, ta ce in gaya mata abin da nake gani in na kalli lambobi. Na kalli takalminta har ta gaji ta miƙe. Takalmin ma duk ya goge a gefe ɗaya.

Me zan ce mata? Kalmomi ba sa ba ni wahala, inda na ajiye su nan suke zama. Lambobi ne ba su da kunya. In ga ashirin da ɗaya a allo, kafin in sunkuyar da kai in rubuta ya zama goma sha biyu. In jera su a layi, na ƙasa ya zame ya koma ƙarƙashin wanda ba nasa ba. Na san amsar a raina wani lokacin, amma tsakanin raina da biro akwai tafiya.

In na faɗa mata sai ta ce sannu, ba komai.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar da tsohon malamin lissafi ya tsayar da ni a gaban allo ba. Ya ce ba zan zauna ba sai na faɗi amsa, na kuwa tsaya. Shi ke nan. Na wanke siket ɗina da kaina kafin Mama ta dawo. Shi an mayar da shi wani aji, sunan da yaran suka laƙaba mini kuma ba a mayar da shi ko'ina ba. Famfo. Na rubuta shi sau ɗaya, ba zan sake ba.

Asabar, da hantsi

Aku tana wanke kwanuka tana rera bakwai sau ɗaya, bakwai sau biyu, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Da gangan take yi. In ta zo wurin da ta san ina tuntuɓe sai ta ja muryar ta waiwayo.

Mama ta ba Baba labarin jarrabawar daban yana wanke hannu, ya dawo daga shagon walda idonsa jajir. Ya tambaya ko su sauran yaran kai biyu gare su. Mama ta ce malamar ta ce ba rashin ƙoƙari ba ne, wani abu ne da ake haifar mutum da shi. Baba ya ce shi a danginsu ba a haifar kowa da shi. Mama ta ce to a nata dangin ke nan. Daga nan ba wanda ya ƙara magana sai Aku.

"Yaya, in kin maimaita ni zan zauna ta wajen taga, ke ki zauna ta bango."

Na ce mata ta fara koyon wanke bayan kwano tukuna.

Litinin, bayan an tashi

Malamai sun gama tunaninsu. Manya guda nawa, taro har sau nawa, da lemo da komai. Ga abin da suka haifa: tunda ba mu iya rubutawa ba, sai mu faɗa da baki. Za a karanta tambaya, ka yi da tsinke in kana so, sannan ka faɗi amsar da ƙarfi. Kuma a gaban malamai uku, don Hedimasta ya ce kada iyayen sauran yara su ce an yi son kai.

Malama Sannu ta shigo tana washe baki kamar an yi mata kyautar mota. Ta ce mu kwantar da hankalinmu, ba biro ba takarda, magana kawai.

Magana kawai.

Wata nawa tana koyar da ni, ko "nan" ba ta taɓa jin na ce ba in ana kiran suna, hannu nake ɗagawa. Ta lura shida da tara suna juya mini, ta lura da layin da yake zamewa, ta karanta littattafai a kaina. Wannan ne kaɗai ba ta lura da shi ba.

Doguwa har da rawa. Ita ai bakinta ko a barci ba ya hutawa.

Laraba, da azahar

Yau aka yi gwaji kafin ta gasken. A ofishin malamai. Tebur a tsakiya, kwalin tsinke a kai, su uku a jere ta ɗaya gefen. Malama Sannu da takardar tambayoyi. Malamin motsa jiki da usur a wuya, kamar za mu yi tsere. Malamar kimiyya tana latsa waya a ƙarƙashin tebur, ta ɗauka ba a gani.

Doguwa ta shiga kafin ni, ƙofa a buɗe. Ta faɗi amsa, ta canza, ta sake canzawa, tana kallon fuskar Malama har ta ga inda murmushin ya ƙaru ta tsaya a nan. Wannan ma wai jarrabawa ce.

Da aka zo kaina malamin motsa jiki ya ce in ɗaga kai, ba a ƙasa suke ba. Malama ta karanta tambaya. Hannuna ya ɗauki tsinke ya jera. Sai suka zuba mini ido suna jira. Fanka tana juyawa, ƙofa a buɗe, wasu 'yan ajinmu sun zo wucewa sun rage tafiya. Na san amsar, ta dai ƙi fitowa.

"Muna jin ki, 'yata. Sannu, ba komai."

Ta karanta ta biyu. Ta uku. Na riƙa kwashewa ina sake jerawa. Malamin motsa jiki yana zana ƙwai a takardarsa, ina jin ƙarar biron yana zagayawa. A ƙarshe ya ce ai wannan ko a turmi aka daka mata lissafin ba zai shiga ba. Malamar kimiyya ta ɗago ta ce har an gama?

Laraba, da yamma

Wannan karon na riƙe har na fito. Ko wannan a ba ni maki.

Alhamis

Ciwon ciki. Mama ta taɓa goshina, ta kalle ni, ta ce to. Ba ta kawo magani ba.

Juma'a, bayan an tashi

Malama ta tare ni a baranda kowa ya watse. Na yi shirin sannu, sai ba ta ce ba. Ta ce bayan na fita ranar Laraba ta ƙirga tsinken da na bari a tebur, amsar tambaya ta ƙarshe ce, daidai. Ta ce ta tuna ta ga na farkon ma, amma hankalinta yana kan bakina, tana jira ya buɗe. Ta ce ta cire mini biro ta sa mini wani abin da ya fi biro nauyi.

Sai yanzu. Sai da aka zana mini ƙwai a gaban mai usur.

Ta tambaya in da za a bar ni in jera kawai, a ƙirga, ba magana, zan yi? Na kalli bango. Ta jira. Ta iya jira, wannan kam ban hana ta ba. Da na ga ba za ta tafi ba sai na gyaɗa kai don in samu hanya.

Litinin, da la'asar

Doguwa ta laɓe a bayan tagar ofis, ta kawo mini labarin duka har da kwaikwayon murya. Hedimasta ya ce shi tunda yake, amsa iri biyu ya sani, ta baki da ta biro. Malama ta ce tambayar ita ce yarinya ta san ɗebewa ko ba ta sani ba, ba wai ta iya jawabi ba. Ya ce to in mai duba makarantu ya zo, tsintsiya za a nuna masa? Ta ce shaidun za su ƙirga su rubuta abin da suka gani, su sa hannu. Malamin motsa jiki ya ce shi ba a ɗauke shi aikin ƙirga tsinke ba. Hedimasta ya ce yau an ba mai shiru tata, gobe mai atishawa ma zai zo neman tasa. Malama ta ce in atishawar ce take hana shi nuna abin da ya sani, ya zo.

Doguwa ta ce a nan muryar Malama ta yi rawa. Ta ce ashe tana da fushi. Ni ban ga abin burgewa ba. Aikinta ne, ana biyan ta.

Doguwa ta ce, "Ke kuma ki riƙa buɗe bakin nan ko ƙuda ya samu wurin shiga." Ta ba ni rabin biskit ɗinta. Ya yi laushi.

Laraba, bayan an tashi

An kira ni ofishin Hedimasta. Kujera mai juyawa, kofunan gasar da aka ci tun kafin a haife ni, duk ƙura. Malama tana tsaye a gefe.

Ya ce ya yi nazari, zai yarda a yi mini ba magana. Amma ba zai canza dokar jarrabawa a kan abin da malama take zato ba, sai ya ji daga bakin mai abin. Wato kafin a yafe mini magana sai na yi magana. Wannan mutumin shi ne shugabanmu.

Ya ce ke yarinya, kina so a yi miki haka? Na gyaɗa kai. Ya ce shi ba ya jin yaren kai. Malama ta ce ranka ya daɗe ai ta amsa. Ya ce bai ji ba. Ya jingina, kujerar ta yi ƙara, ya ɗauki biro yana buga shi a haƙori. Na ga taga. Na ga Aku a zaune kusa da tagar, ni ta bango, shekara guda cur.

"Na ce eh."

Da ƙarfi ya fito, fiye da yadda na so, kamar ina yi wa Aku tsawa. Biron ya tsaya. Ya ce au, ashe akwai baki, har da rashin kunya a ciki. Ya rubuta wani abu ya ce mu fita.

A waje na jingina da bango. Malama ta tsaya tana gyara takardunta da ba su buƙatar gyara har na iya wucewa.

Alhamis

Aku ta kai tara sau tara. Allah ya sa ta shaƙe.

Talata, da azahar

An yi.

Malama ta rufe ƙofa da kanta. Ta juya kujerata gefe yadda ba fuskar da nake kallo sai kabad. Tana karanta tambaya sau biyu, in jera, in janye hannuna, malamin motsa jiki ya sunkuyo ya ƙirga da ɗan yatsansa mai kauri yana motsa leɓe, ya rubuta. Ba ya son aikin, numfashinsa ma ya nuna. Ni kuwa na so shi a hakan.

Tarawa da ɗebewa ba su ba ni wahala ba. An ba ni takarda aka ce in nuna kashi uku cikin huɗu, na ninke ta biyu, na sake ninkewa, na yage ɗaya na ajiye gefe. Rabawa ce ta ci ni. Na raba tsinken kashi-kashi, biyu suka yi saura, na rasa inda zan kai su, na cusa su a wani kashin don kada a gan su a tsakar tebur. Na san ba daidai ba ne tun kafin ya ƙirga. Ta awon igiya ma na ɓata, don sai an karanta lambar jikin ma'auni, ita kuma ta juya mini kamar kullum. Wannan Malama ba ta yi tunaninsa ba. Na ga ta rubuta wani abu a gefen takardarta ta ja layi a ƙasa. Ta dai ci gaba da koyo a kaina.

Juma'a, da yamma

Na ci. Da ƙyar, kamar mai tsallake kwata siket ya taɓa ruwa, amma na ci. Doguwa ma. Cikin mazan ɗaya ya faɗi.

Aku ta fizge sakamakon ta karanta wa Baba da ƙarfi, har da ɗan rubutun da ke ƙasa, wai an gwada ta ta hanyar aiki da hannu. Baba ya ce wane aiki? Mama ta yi masa bayanin tsinken. Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce wannan ba ci ba ne, tausayi ne, kuma shi ba ya son a tura masa yarinya gaba da tausayi ta je ta faɗi inda ya fi tsawo. Ya ce ranar Litinin zai je ya gaya wa Hedimasta a bar ni in maimaita, ko banza ga ƙanwata za ta riƙa nuna mini.

Hedimasta zai yi murna. Zai ba shi kujera har da ruwa.

Asabar

Ban ci abinci ba. Ba wanda ya tambaya sai Aku, ita ma naman take so.

Lahadi, da la'asar

Baba yana zaune a tsakar gida yana gyara mariƙin bokiti. Ya kira ni, bai ɗago ba. Ya ce tunda an ce na ci, sittin da biyu a cire ashirin da bakwai, nawa ya rage. Aku ta buɗe baki, Mama ta daka mata harara ta rufe.

Na tsaya. Na kalli bokitin. Baba ya ce wa Mama kin gani ko, ya ci gaba da bokitinsa.

Na je bayan ƙofa na ɗauko tsintsiyar Mama, sabuwar. Na kwance ta. Mama ta ce ke, lafiyarki? Ba roba, sai na jera goma-goma a ƙasa, kowane kashi da tazararsa. Na daɗe. Kaza ta zo na kore ta. Na kwashe abin da za a kwashe, na janye hannuna, na zauna a kan dugadugaina.

Ya ce to nawa ne? Na nuna masa tsinken. Ya kalli Mama, Mama ta kalli tsintsiyarta. Sai ya ajiye bokitin ya sauko daga kujera, gwiwarsa ta yi ƙara, ya ƙirga da kansa. Ya sake ƙirgawa. Ya ba ni wata, ta fi ta farko. Na yi. Ya ba ni ta rabawa, huɗu suka yi saura, wannan karon na bar su a tsakiya inda kowa zai gan su. Ya nuna su da yatsa ya ce waɗannan fa? Na ɗaga kafaɗa. Ya ce haka ne, saura ne.

Aku ta matso tana cewa ita ta san hanyar da ta fi sauri. Baba ya ce mata ta matsa, tana tare haske.

Bai ce na iya ba. Ya miƙe yana kaɗe wando, ya ce wa Mama gobe aiki ya yi masa yawa a shago, ba zai samu fita ba. Mama ta ce jibi fa? Ya ce jibi ma. Ta ce to wa zai ɗaure mata tsintsiya? Ni na ɗaure. Ba ta koma yadda take ba.

Alhamis, ranar rufe makaranta

An tara mu a fili ana kiran sunayen waɗanda suka wuce, kowa ya amsa ya koma layin sabon aji. Malamin motsa jiki ne mai kira. Ya kira nawa, na ɗaga hannu. Bai ɗago daga takardar ba, ya sake kira. Ya ɗora biro zai ja layi.

Daga can sabon layin Doguwa ta ce, "Malam, tana nan. Ɗago ka ƙirga ta."

Ya ɗago. Na wuce.